Hotunan kullen korona: kada mu bari shaidarmu ta mutu a cikin salula

Gani ya kori ji, in ji Hausawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali ko gaban sarkin kasuwa a kan rigimar bashi, ya san bambancin da ke tsakanin mai cewa "wallahi na biya" da wanda ya zaro takarda daga aljihu. Wannan ne ya sa a yau muke son mu ja hankalin ƴan'uwa ƴan kasuwar bakin iyaka, tun daga Gaya har Ƙonni, daga Ɗan Isa har Magarya, a kan wata dukiya da muke riƙe da ita ba mu san darajarta ba, alhali kullum raguwa take yi. Muna nufin hotunan da muka ɗauka da wayoyinmu a lokacin kullen korona na shekarar 2020.

Domin tunatarwa, annobar ta same mu ne muna cikin wani ƙuncin. Tun watan Agusta na 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai, sannan a watan Nuwamba hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Ana cikin haka sai ga korona. A ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Yamai, a daidai lokacin da Shugaba Isufu Mahamadu ya ba da umurnin rufe iyakoki da filayen jirgin sama da makarantu. Kafin watan ya ƙare an hana sallar jam'i, an killace birnin Yamai, an sa masa dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Masallatai ba a sake buɗe su ba sai ranar 13 ga Mayu. A can ƙetare kuwa, an kulle Kano tun tsakiyar Afrilu, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, azumi ya riski mutane a cikin gida. Wato ƙofa biyu aka rufe mana a lokaci guda. Najeriya ba ta buɗe Illela da Maigatari ba sai ranar 16 ga Disamba 2020, Nijar ta buɗe nata ɓangaren a watan Yuni na 2021, Jibiya da Kamba kuwa suka jira har Afrilun 2022.

Waɗannan ranaku duk suna rubuce a takardun gwamnati, ba za su ɓata ba. Abin da ba a rubuta ba shi ne yadda kasuwa ta kasance a tsakaninsu, kuma wannan yana cikin wayoyinmu. Kowa ya bincika tsohuwar salularsa zai iya tarar da layin manyan motoci da suka yi makonni a tsaye, da buhunan albasa da suka fara tsiro ko suka ruɓe aka zubar, da ɗan dako yana barci cikin baronsa da rana tsaka don babu kayan ɗauka. Zai tarar da bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar shago, da tela yana ɗinka takunkumi da ragowar atamfa, da ƴan canji zaune a benci suna hamma, da ɗaurin auren da mutum goma suka halarta. Yawancin waɗannan hotuna ba don tarihi aka ɗauke su ba. Direba ya ɗauka ne don ya nuna wa ubangidansa cewa mota ba ta motsa ba. Mai albasa ya ɗauka don wanda ke bin sa bashi a Kano ya yarda cewa kaya sun lalace. Wannan ma shi ya ƙara musu daraja, domin babu wanda ya shirya musu ado, yadda abin yake haka suka kama shi.

Abin tambaya a nan shi ne, mene ne amfanin adana su yanzu da abin ya wuce? Amsa ta farko ita ce rufe iyaka bai wuce ba, tafiya yake yi ya dawo. A watan Afrilu na 1984 Najeriya ta rufe iyakokinta lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986, ga shi kuma ta haɗu da fari, har mutanenmu suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. An sake rufewa a 2019, korona ta ƙara nata a 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake datse hanya har watan Maris na 2024. Duk lokacin da haka ta faru, shugabannin ƴan kasuwa sukan je gaban hukuma su ce mun yi asara mai yawa. Sai a tambaye su, nawa? Ina? Yaushe? Sai a koma kame-kame. To, da a ce ƙungiyar dillalan albasa ko ta masu dabbobi za ta ajiye kundi a kan tebur, ga hoton mota kaza a wuri kaza ranar kaza, ga ta kuma bayan mako uku ba ta gusa ba, ga kayan da ke cikinta, da maganar ta sauya. Mai neman sassaucin haraji, ko jinkirin biyan bashin banki, ko a bar kayan gwari su riƙa wucewa idan an sake rufewa, da irin wannan shaida zai yi magana a saurare shi.

Amsa ta biyu ita ce idan ba mu ba da labarinmu ba, wani zai bayar, kuma abin da ya zo nema shi zai nuna. Mutanen Maraɗi ba su manta da 2005 ba. A wannan shekara ƴan jaridar Turai sun cika gari, suka ɗauki hotunan yara masu tamowa a cibiyoyin ƙungiyar likitoci ta MSF, duniya ta gani, taimako ya zo. Ba mu raina wannan aiki ba, ya ceci rayuka. Amma wanda ya san Maraɗi ta waɗannan hotuna kaɗai, zai ɗauka gari ne na masu miƙa hannu. Bai ga kasuwa ba, bai ga alhazan da suka ciyar da unguwanni ba, bai ga matan da suka riƙe gidaje da sana'ar ƙuli-ƙuli da fura ba. A lokacin korona kuwa baƙin ma ba su zo ba, jirage na tsaye, kowa na fama da ta kansa. Hotunan da aka riƙa nunawa a talabijin na titunan Faransa ne da Italiya da Amurka babu kowa, sai kuma na Ka'aba babu masu ɗawafi. Na Ƙonni da Dungas da Matamai babu wanda ya ɗauka sai mu. Idan namu suka ɓata, shi ke nan babu wasu.

Abin da ya faru a Kano ma ya ishe mu darasi. A watan Afrilu na 2020 mutane suka yi ta mutuwa a birnin, musamman dattawa, aka rasa mai faɗin adadinsu, domin yawanci a gida suka rasu kuma ba a yin rajistar mutuwa. Masu haƙa kabari ne suka fara ankarar da jama'a cewa gawawwakin da ake kawowa sun wuce na kullum. Sai a watan Yuni ministan lafiya na Najeriya, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalai ya gano mutum 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce sanadinsu. Idan a birni kamar Kano, mai jami'o'i da manyan asibitoci da gidajen jarida, sai da aka koma bin gida-gida kafin a san abin da ya faru wata biyu da suka wuce, ina ga ƙauyen bakin iyaka bayan shekara talatin?

Mun riga mun ga yadda mantuwa ke cin tarihi. Dattawa sun bar mana sunan Kakalaba, yunwar 1914, da Marisuwa, murar da ta kashe jama'a a 1918. Yau in ka tambayi matashi, da wuya ya san ko sunan. Ko El-Buhari da aka yi a gaban idon da yawa daga cikinmu, a gida nawa za a samu hoto guda na yadda kasuwa ta kasance? Su iyayenmu suna da uzuri, a zamaninsu mai hoto ɗaya ne a gari, shi ma sai ranar Salla ake zuwa wurinsa. Mu kuwa da kowane yaron shago ke yawo da kyamara a aljihu, me za mu ce wa jikokinmu? Mu da ke aikin rediyon karkara mun fi kowa sanin cewa murya iska ce, ana faɗi tana wucewa. Hoto shi ke zama.

Kada kuma wani ya ce hoton talaka a bakin sana'arsa ba abin ajiyewa ba ne. A Bamako an yi wasu masu hoto biyu, Seydou Keïta da Malick Sidibé, waɗanda aikinsu shi ne ɗaukar mutanen unguwa, mai sabon keke, mai rediyo, ƴan mata da kwalliyar Salla, samari a wurin biki. Abin da ya bambanta su da sauran shi ne sun adana aikinsu cikin tsari shekara da shekaru. Yau duk mai son ya san yadda mutanen Mali suka rayu kafin samun ƴancin kai da bayansa, wurin hotunansu yake komawa, har Malick Sidibé ya samu babbar lambar yabo a birnin Benis na Italiya a 2007. A nan kusa da mu, Fati Abubakar ta Maiduguri ta ɗauki kyamara a lokacin da duniya ba ta san komai game da Borno ba sai bama-bamai, ta riƙa nuna ƴan kasuwa da ƴan makaranta da masu biki, don a san cewa akwai masu rai a garin. Abin da suka yi bai fi ƙarfinmu ba, haƙurin ajiya ne kawai suka fi mu.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji su ba. Wasu za su ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, wahala ta wuce a bar ta ta wuce. Gaskiya ne babu mai son kallon ranar da jarinsa ya karye. Amma ɗan kasuwa ba ya yaga littafin bashi don kallonsa na ɓata masa rai. Wasu kuma suna da damuwa ta addini a kan hoton mai rai. Wannan malamai sun yi bayani a kai, sun kuma saɓa, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Sai dai ko wanda ya ƙaurace wa hoton mutum, babu abin da ya hana shi ajiye na rumfa a rufe, ko na buhu, ko na mota, ko na takardar duwan, kuma a wajen shaida waɗannan sukan fi na fuska amfani.

Damuwar da ta fi nauyi a wurinmu ita ce ta rufin asiri. Kulle ya tona mutane da yawa. Akwai magidancin da bai taɓa roƙo ba ya shiga layin rabon abinci, akwai wanda ya fitar da kayan ɗakin matarsa ya sayar. Irin wannan hoto ba a baza shi sai da yardar mai shi, in ya ce a'a magana ta ƙare. Haka hoton matan aure a cikin gida, da na marar lafiya, da na gawa. Haka kuma duk hoton da zai iya jefa wani cikin rigima da hukuma, domin kowa ya san yadda aka riƙa bin hanyoyin daji da babura a wancan lokaci don a samu na sawa a baki. Mai tara hotuna amana ce a hannunsa, ba ɗan rahoto ba ne. Muna kuma gargaɗin matasa, a yanayin tsaron da yankinmu ke ciki, kada wanda ya ɗaga waya a shingen sojoji ko na jandarmomi da sunan tarihi. Kasuwa da unguwa sun ishe mu.

Yanzu ta yaya hotunan ke ɓacewa? Waya ta faɗa ruwa ko a sace ta a tasha. Memori ya ƙi buɗewa rana ɗaya ba sallama. Wuri ya cika, a goge tsofaffin hotuna don a samu inda za a sa sabon bidiyo. A sayar da waya, mai saye ya wanke ta tas. Wasu sun dogara da cewa sun sa a Facebook, alhali sun manta lambar sirrin shiga, layin da suka buɗe da shi ma ya mutu. Akwai kuma wata asarar da ba a lura da ita. Waya takan rubuta rana da lokacin da aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa, amma idan aka tura shi ta WhatsApp yadda aka saba, sai ya rage masa kyau ya kuma share wannan bayani. Shi ya sa ya fi kyau a tura shi a matsayin fayil, ko a kwafe shi kai tsaye daga wayar zuwa kwamfuta. Hoton da ba a san ranarsa da wurinsa ba, da shi da jita-jita duk ɗaya. Mun ga yadda a lokacin annobar aka riƙa yaɗa tsofaffin hotunan wasu ƙasashe ana cewa a maƙwabta abin ya faru.

Shawararmu mai sauƙi ce, ba ta buƙatar wani tallafi daga waje. Kowace ƙungiya a kasuwa, ta masu hatsi, ta masu dabbobi, ta direbobi, ta ƴan canji, ta ƴan kabu-kabu, ta sa sakatarenta da wani matashi mai sanin waya su zagaya su karɓi hotunan 2019 zuwa 2021, da na 2023 ma. Kowane hoto a zauna da mai shi a rubuta abu huɗu: wuri, rana ko aƙalla wata, abin da ake gani, da wanda ya ɗauka. In mai shi ya tuna nawa ake sayar da tiyar hatsi a ranar, ko naira nawa ake canza jika guda ta sefa, ko nawa ya sayi buhun da ya ruɓe, a rubuta. Wannan ƙarin bayani shi ne gishirin miyar, kuma shi ne zai riga komai ɓacewa, domin a kan mutane yake, mutane kuwa suna mantuwa suna mutuwa. Kada a manta da mata. Masu abinci a tasha da masu kai nono da kayan miya kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis sun sha wuya fiye da kowa, amma su ne ba a cika tambaya ba.

Bayan haka a zaɓi waɗanda suka fi muhimmanci a kai a wanke su a takarda, a rubuta bayanin a bayansu. Kuɗin wanke hoto hamsin bai kai abin da ƙungiya ke kashewa a walimar rana ɗaya ba. Sannan kada a tara komai wuri guda. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ta Sabon Gari a Kano ta ƙone a 2016, kuma duk mun san abin da gara da ruwan sama ke yi wa takarda. A ajiye kwafi ɗaya a ofishin ƙungiya, ɗaya a gidan rediyon gari ko ma'aikatar magajin gari, ɗaya a gidan wani dattijo amintacce. Tun da abin ya shafi ɓangarori biyu, ƴan Ƙonni su yi musaya da ƴan Illela, ƴan Ɗan Isa da ƴan Jibiya, domin layin motocin da ya fara a wannan gefe a wancan gefe ya ƙare, rabin labari ne ke hannun kowa.

Muna kira ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ta André Salifou ta Damagaram su turo ɗalibansu na tarihi da na tattalin arziki su taya wannan aiki, su ma za su samu abin rubutu. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai ya buɗe ƙofa ga irin wannan kundi, domin tarihin ƙasa bai tsaya a kan takubban sarakuna ba. Ita kuma hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa tun 1971 don sha'anin ƙasashen biyu, ta fi kowa buƙatar ganin abin da rufe iyaka ke jawo wa talaka, ko Allah Ya sa nan gaba a yi tunani sau biyu kafin a sa hannu a takarda.

Amma kafin su motsa, aikin namu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda ke da tsohuwar waya a cikin akwati ko memori a ƙasan durowar shago, ya fito da su a makon nan ya duba, kafin ya wayi gari sun ƙi buɗewa. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a wannan annoba, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya kiyaye mu da sake ganin irinta. Amin.